Martani: Kafin a Yanke wa Turbo Hukunci

Rubutun da wani ɗan'uwa ya yi a wannan shafi kan motoci masu turbo ya zagaya ƙwarai, har an fara kafa hujja da shi a gareji. Ga wanda bai gani ba, abin da Malam, mai rubutun, ya ce a taƙaice shi ne: idan motarka tana tafiya lafiya lau a cikin gari, amma da ka danne totur don ka wuce tirela sai ta cije, ta fizge ka sau biyu ko uku kafin ta ja, to kada ka wahalar da kanka, turbo ne ya gaji. Hujjojinsa uku. Matsalar ba ta tashi sai lokacin da turbo ya shiga aiki. In an zare tiyon iska ana tarar da baƙin mai a ciki. Ko an jona kwamfuta ma, sau da yawa sunan turbo take kira. Daga nan ya ba da shawarar a nemo na Beljiyam a ɗaura, a daina kai wa masu kwamfuta kuɗi tunda kunnen tsohon bakanike ya wadatar, sannan ya rufe da cewa motar turbo dama ba ta ƙasarmu ba ce.

Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Malam, kuma alamar da ya siffanta haka take. Duk wanda mota ta taɓa yi wa haka a tsakiyar hanya, ga tirela a dama ga wata ta taho a gaba, ya san ba abin wasa ba ne. A kan hukuncin muka rabu. Turbo na cikin kayan da suka fi tsada a jikin inji, kuma a jerin waɗanda ake tuhuma da wannan cijewa shi ya kamata a taɓa a ƙarshe. Wanda ya bi shawarar Malam zai iya biyan kuɗin turbo da na aiki, ya hau titi, motar ta sake yi masa abin da ta saba a daidai inda ta saba.

Mu fara da hujjar farko, tunda a kanta sauran suka jingina. Turbo tsohuwar fasaha ce; tun 1905 injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi mata rajista. Fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ɗaya, ɗayar kuma ta zuƙo iska ta cusa wa inji, suna juyawa fiye da sau 150,000 a minti in aiki ya yi aiki. Aikin zugazugin maƙeri ke nan, ƙara wa wuta iska. In maƙeri ya zuga, wuta ta yi tartsatsi ta ja baya, gawayinsa zai fara dubawa ko ya jiƙe. Ba zai tashi neman sabon zugazugi ba, don ya ga iska na fita.

Lokacin da mota ke silo, totur a rufe yake, kuma matsin iskar da ke isa silinda bai fi kashi ɗaya cikin uku na iskar da muke shaƙa ba, wadda a ma'auni ake kira bar 1. In ka danne totur har ƙasa turbo ya cika, matsin kan kai ninki biyu na iskar waje, a wasu motocin ya wuce haka. Wato cikin daƙiƙa biyu ko uku abin da ake cusa wa kowace silinda ya ninka wajen sau shida. Dole mai ya ninka daidai da haka, dole wutar fulogi ta ratsa wannan cunkoson iska, dole kowane tiyo da kowane kilif ya riƙe, dole salansa ta fitar da hayaƙin. Fulogin da ya ci rabi, famfon da ya fara kasala, tiyon da ya tsage ta ƙasa, duk suna ɓoye aibinsu a gosulon Kano ko na Mararaba. Ranar da ka hau hanyar Zariya ka nemi ƙarfin motar duka, mafi rauni a cikinsu zai fara faɗuwa. Nauyin da turbo ya ɗora ne ya tona asirin wani. Sau da yawa ma fizgar shaida ce cewa yana hura iska yadda ya kamata, don turbon da ya mutu ba fizga yake jawowa ba. Mutuwar jiki mota take yi, ta ƙi ja daga farko har ƙarshe.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, akwai tambayar da Malam ya tsallake: wace irin cijewa? Abu huɗu daban-daban mai mota ke kawowa gareji da suna ɗaya, "ba ta ja". Akwai ɗan jinkirin da kowace motar turbo ke yi in ka taka totur alhali inji na ƙasa da juyi 2,000 a minti, kafin hayaƙi ya isa ya juya fanka. Wannan halittarta ce, kuma sumul yake wucewa. Akwai inji ya yi ƙara, allurar juyi ta haye sama, gudu bai ƙaru ba. Wannan kuloci ne ko giyabos. Akwai mota ta yanke ƙarfi lokaci guda, ta ƙi wuce wani gudu har sai an kashe ta an sake tayarwa. Wannan birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar mota, ya ga abin da bai gamshe shi ba ya kare inji, ya kuma rubuta dalilinsa ya ajiye. Sai fizge-fizge da tari, wani lokaci da ɗan fat-fat a salansa. Kowanne da inda ake nemansa. Wanda ya haɗa su duka ya ce turbo, canki-canka yake yi da kuɗin mutane.

Fizge-fizgen nan, wanda shi Malam ya fi siffantawa, a wajen wuta ake fara nemansa: fulogi da koyil. Gwargwadon matsin iska a cikin silinda, gwargwadon ƙarfin lantarkin da ake buƙata kafin tartsatsi ya tsallake bakin fulogi. A silo kaɗan ya isa. A cikakken totur abin kan kai wajen volt 30,000. Shi ya sa masu ƙera injin turbo ke matse bakin fuloginsa, galibi milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali motoci da yawa marasa turbo da 1.1 suke tafiya. In fulogi ya tsufa bakinsa ya buɗe, ko aka sa wanda ba nasa ba don kawai zarensa ya shiga, ko aka sa jabu cikin kwali mai kyau, a cikin gari ba za ka ji komai ba.

A nan gwajin da aka saba yi a gareji ke yaudarar mutane. Yaro ya zaro koyil, ya cusa masa fulogi, ya jingina shi da ƙarfen inji, a murza makulli, shuɗin tartsatsi ya yi tsalle, ya ɗago kai ya ce, "Oga, wuta na nan." Tana nan, amma a sararin Allah, inda babu matsi. Ka karɓi fulogin, ka goge farin tangaran da ke jikinsa, ka kai shi haske. Wani lokaci za ka ga siririn layi baƙi ya sauko daga sama har gindin ƙarfe, ka sa farce ya ƙi kankaruwa. Hanyar da wuta ta buɗe wa kanta ke nan: in matsi ya yi yawa a ciki, sai ta bi ta waje ta gudu, silindar ta yi fashin bugu. Ka leƙa cikin robar koyil, za ka ga irin layin. Ka haska ramin fulogi da tocila. In baƙin mai ya taru daga gasket ɗin murfin inji, ko ruwan wankin inji ya kwanta a ciki, ga wata hanyar gudun nan.

Tabbatar da wannan kyauta ne. In kwamfuta ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ce ke misin, ka musanya koyil ɗinta da na ta uku ka sake hawa titi. Lambar ta koma P0303, koyil ne. Ta tsaya inda take, ka musanya fulogi. Ta ƙi motsi, sai a koma kan nozul ko a auna matsin silindar. Mai mota kuma ya lura: in fitilar cek injin ta riƙa ƙyaftawa lokacin fizgar maimakon ta tsaya a kunne, misin ne mai tsanani, ɗanyen mai na tafiya salansa. Ɗaga ƙafa ake yi nan take.

Hujja ta biyu, baƙin mai a tiyo. Malam, ka zare tiyon motar turbo mai ƙoshin lafiya da ta yi wasu shekaru a hanya, za ka shafo maiƙo. Kowane inji yana da numfashi: tururin da ke tsallake zoben fistin ya taru a ƙasan inji, masu ƙera mota kuma sun mayar da bututunsa cikin hanyar iska, gab da bakin turbo, don a ƙone shi. Tururin nan da ɗan mai yake tafe. Abin damuwa shi ne mai ya taru har ya zuba in an kwance tiyon ƙasa, kuma ko a nan akwai uku da za a fara tambaya: bawul ɗin numfashin ya lalace, bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa ƙasan inji ya toshe, ko filtar iska ta cushe da ƙurar hunturu har turbo na zuƙo mai saboda ya rasa iska. A ɗaura wani turbo a kan ɗaya daga cikin waɗannan, shi ma ba zai daɗe ba zai fara zubar da mai.

Maiƙon nan ma yana da amfanin da Malam bai lura da shi ba: yana nuna inda iska ke gudu. Iskar da turbo ya matsa tana bin tiyo zuwa intakula, ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta a gaban mota, ta sake bin wani tiyo zuwa inji. Ka bi hanyar da hannu, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kai. Inda ka ji danshin mai ya kama ƙura ya yi baƙi ƙirin, a nan iska ke fita. Tsagar kan zama siririya, a rufe ruf in mota na silo, sai matsi ya zo ta buɗe baki. A toshe bakin hanyar, a karɓo iska daga injin mai faci a saka kaɗan, kada ta wuce bar 1, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta tashi, an gama bincike. A motocin da ke auna iska da eyafulo, birenbos ya riga ya ƙirga iskar ya zuba mata mai, ita kuwa ta gudu a hanya, sai mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fita, mota ta shaƙe. Turbo kuma, don ya cike giɓin, sai ya riƙa gudun da ya wuce ƙa'idarsa. Tsagar tiyo ɗaya, in an bar ta, ita za ta kashe turbon da ake zargi tun yana da ransa.

Hujja ta uku ta fi ba ni mamaki, don Malam ya ce a yi watsi da kwamfuta, sannan ya kira ta shaida. Lambar da yake nufi P0299 ce, kuma iyakar abin da take cewa, birenbos ya nemi matsin iska kaza ya samu ƙasa da haka. Ba ta faɗi dalili ba. Tiyon da ya tsage yana kawo ta. Bawul ɗin da ke sakin iska in ka ɗaga ƙafa, in robarsa ta yage, yana kawo ta, abin da masu Volkswagen da Audi na injin 2.0 suka daɗe da sani. Ƙofar da ke kauce da hayaƙi daga turbo don daidaita ƙarfinsa, in sandarta ta saki ko siririn tiyon da ke jan ta ya fashe, tana kawo ta. Filtar da ta toshe ma haka. Sunan turbo ya fito a allo ne don a unguwarsa aka ga matsalar.

A wuri ɗaya ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Akwai masu kwamfuta da aikinsu bai wuce su jona, su karanto lamba, su goge ta, su karɓi kuɗi ba. Tsohon bakanike mai kunne ya fi su amfani nesa ba kusa ba. Sai dai laifin nasu ne, na'urar ba ruwanta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin nan mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, kuma ta nan ana iya kallon lambobi suna motsi mota na tafiya. Ciwon da ba ya tashi sai a kan totur, a kan totur ake kama shi: mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon allo, a sami miƙaƙƙen titi marar cunkoso, a sa giya ta uku, a danne daga juyi 2,000 zuwa sama. Abu huɗu ake kallo: matsin iskar da aka nema da wanda aka samu, matsin man da aka nema da wanda aka samu, ƙidayar misin a kowace silinda, da yadda birenbos ke ja da lokacin wuta baya. Wanda ya fara karkacewa a daƙiƙar fizgar, shi ne bakin zaren. Kunne na iya jin akwai misin, amma ba zai faɗa maka wace silinda ba, ballantana ya auna matsi. Kuma don Allah a daina cire kan batir kafin a kai mota. A motoci da yawa shaidar ake gogewa.

Matsin mai ya cancanci a tsaya a kansa, don Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Yawancin injinan turbo na fetur da ke shigowa yanzu kai tsaye suke fesa mai cikin silinda, kuma famfo biyu gare su. Na cikin tanki yana turo mai da matsin bar 4 zuwa 6. Na kan inji, wanda kamshaf ke bugawa, ya ɗaga shi zuwa bar 150 ko 200. A silo ɗigon mai ake nema, ko famfon da ya kusa mutuwa zai bayar. A cikakken totur ne allo zai nuna abin da aka samu ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka nema, mota ta yi tari ta yanke. Lambar wannan P0087 ce. A 2010 kamfanin BMW ya kira motoci wajen 130,000 a Amurka masu injin N54, mai turbo har biyu, saboda rasa ƙarfi a kan hanya. Famfon mai da manhajar birenbos aka gyara, turbo biyun suna nan inda suke.

A nan gida mun ƙara wa famfo wahala. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane da yawa da fitilar rizab a kunne suke yawo, alhali man da famfon tanki ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Ga man galan na 'yan bumburutu da dattinsa. Ga al'adar sa kowane famfo da ya shiga rami, ko da na ƙaramar mota ne da ba zai iya ciyar da injin turbo ba. A jerin nan wannan ciwon ya fi haɗari, don ƙarancin mai a ƙarƙashin matsi fistin yake narkarwa.

Sai yanayi da irin man da aka sha. Ka tambayi mai mota yaushe take yi. In ya ce da asuba lafiya take ja, sai rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ta fara noƙewa, to ya ba ka rabin amsa. Iska mai zafi da fetur mai ƙarancin okten suna sa mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, sensar da ke maƙale a jikin inji ta ji ƙwanƙwasar, birenbos ya ja wuta baya ya rage matsin turbo da gangan. Motocin Turai da yawa okten 95 suke nema, a rubuce yake a cikin murfin tanki, gidajen manmu kuwa galibi fetur iri ɗaya suke sayar wa kowa. Ba a kuma manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai yawan metanol. In cijewar ta fara washegarin shan mai a wani wuri, tanki za a fara tuhuma. In intakula ne ya toshe da laka da ƙwari, ruwa da buroshi mai laushi sun isa.

Damina ma da nata. A 2013 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Ford F-150 mai injin 3.5 EcoBoost, saboda direbobi na kukan abin da Malam ya siffanta sak: doguwar tafiya, a zo wuce mota, a danne, ta cije. Da aka bi diddigi, raɓa ce ke taruwa a cikin intakula in an daɗe ana tafiya cikin ruwan sama ko danshi, sai totur ya kwashe ta lokaci guda ya watsa cikin silinda. Gyaran da kamfanin ya fitar faranti ne da ke rage iskar da ke bugun intakula, da sabunta manhaja.

Katalis, wanda aka fi sani da indomi, shi ma yana shaƙe mota in ya narke ya toshe: ƙarfinta na raguwa gwargwadon hawan juyi. Da ma'aunin matsi a ramin sensar salansa ake tabbatarwa, ba sai an farke shi ba. Galibi misin ɗin da aka yi watanni ana tafiya da shi ne ya dafa shi, don haka fasa shi a zubar bai taɓa ciwon asali ba. Wanda ya yi gaggawar cewa a fasa tun kafin a auna, a tuna abin da ke ciki yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, kuma yana da kasuwa.

To, turbo ba ya mutuwa ne? Yana mutuwa, a ƙasarmu ma da wuri. Malam ya yi gaskiya a nan. Amma mutuwarsa da alamunta: kuka mai kaifi da ke hawa da totur, shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, fikafikan fanka sun gutsure ko sun goge jikin gidansu. Girgiza sandar da ake yi da yatsa a ce "ka ga yana wasa" ma sai an lura. Yawancin turbo a kan siririn mai sandarsu ke shawagi, don haka in babu mai a ciki ɗan motsi gefe da gefe dole ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne motsi ciki da waje, ko fanka ta taɓa bango. In an tabbatar ya mutu, sai a tambayi me ya kashe shi. Galibi ɗayan uku ne: mai bai isa gare shi ba, mai ya yi datti, ko wani abu ya faɗa cikin fanka. Ga mai kauri 20W-50 da ake zuba wa injin da littafinsa ya ce 0W-20 ko 5W-30, ga juyen mai da ake ja har ya daskare, ga kashe mota nan take bayan doguwar tafiya man ya ƙone a cikin bututu. Na Beljiyam da za a ɗauko a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ba wanda ya san irin man da ya sha a baya. In an ɗaura shi a kan tsohon bututun da ya cushe, da intakula cike da ɓaraguzan na farko, kwanansa ƙirgagge ne.

Batun cewa motar turbo ba ta ƙasarmu ba ce, tirelolin da ke ɗaukar kaya daga Legas zuwa Kano, daga Maraɗi zuwa Agadas, sun riga sun amsa: injinan dizal masu turbo ne, shekara da shekaru, cikin zafin da ƙurar. Kuma zaɓin na ƙarewa ko mun so ko mun ƙi. Mercedes C300 ta koma injin 2.0 mai turbo tun samfurin 2015. Honda ta ajiye V6 a Accord ta 2018 ta sa 1.5 da 2.0 masu turbo. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta bar V8 ta ɗauki V6 mai turbo biyu, Highlander ta 2023 ma ta koma turbo. Motocin hannu da muke saye 'yan shekaru kawai suke bin bayan waɗannan. Yaron da ya fara koyon aiki a gareji bana, da irinsu zai ci abinci, kuma in abin da muka koya masa shi ne "cire ka sa wani", mun cuce shi mun cuci masu kawo masa aiki.

Mai motar da aka ce masa turbo ne yana da haƙƙin yin tambaya huɗu kafin ya ciro kuɗi. An duba fulogi da koyil, an musanya an gani? An saka iska an fesa sabulu? An hau titi da kwamfuta an ga matsin mai da na iska? An buɗe bakin turbon an ga fankarsa? Duka huɗun aikin yini ɗaya ne, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin turbo ba. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba, don shi ma sunansa take karewa. Babu abin da ke zubar da mutuncin gareji kamar mota ta dawo da ciwon da aka karɓi kuɗin gyaransa. In an bi jerin kaf ya tabbata turbo ne, a sauya shi, a sauya bututun mansa da filta, a wanke intakula, a zuba man da littafi ya ce. Shi kuwa Malam, tunda Allah ya ba shi masu karatu da ke jin maganarsa, roƙona ya sake ɗaukar alƙalami ya gaya musu su auna kafin su saya.